Turken Baƙin Gurbi

Ranar da anka buɗe su, wato kamun kifi, a Baƙin Gurbi waccan shekara, Attahiru ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba tun da anka haife shi.

Ga yadda abin yake. Tungar Maje ƙauyen masunta ne a bakin gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. In damina ta ɗauke, gulbi ya janye, yakan bar wani gurbi a bayan ƙauyen, zurfinsa gaba uku da rabi, ruwansa baƙi wuluk. Tun zamanin kakanni ɗaure gurbin nan ake yi. Da kaka mutum guda zai yi nitso da turken kirya da dutsen bugu, ya kafa turken cikin lakar ƙasa. Daga ranar ba mai jefa ko da ƙugiya sai bazara. Kada wani ya ce tsafi ne. Don kifi ya girma ne, kowa ya samu rabonsa. Ranar buɗewa kuwa, ɗan gidan Sarkin Ruwa ke sauka, ba dutse, ba igiya, daga shi sai gajeren wando. Nitso uku ake ba shi ya ciro turken ya miƙa wa Sarki, sannan jama'a su afka da homa da gora. Gidan da ke ciro turke, shi ke riƙe da ruwa.

Sarkin Ruwa Mu'azu ya yi shekara talatin da shida yana ciro shi da hannunsa. Da yanar ido ta rufe mishi gani, ƙirji kuma ya fara tari, sai abin ya faɗo kan babban ɗansa Attahiru.

Mutane sun zo daga Rabah, daga Dinawa, daga Lahodu, baki ya cika maƙil. Attahiru ya tuɓe riga. Teɓa ta sauko ta rufe mazugin wando, ƙirji ya zubo, wuya ya ninku uku. Ya shaƙi iska ya kifa kai cikin ruwa. Kai ya shiga, kafaɗu sun shiga, amma ɗuwawu sunka ƙi. Sunka tsaya a sama suna lilo, ƙafafu na dukan iska. Wani daga baya ya ce, "Jama'a, wa yab bar goranai cikin gurbi?" Dariya ta tashi har hayin gulbi. Ya sake, ya sake. Na ukun ya yi ƙoƙari ya kai kamar gaba guda, ruwa ya turo shi sama kamar an tura ƙwarya.

Sa'adu, ɗan ƙanen Sarki, saurayi siriri mai shekara talatin, shi ya sauka. Nitso guda ya fito da turken.

Da la'asar dattawa sunka zauna gindin gawo sunka yanke magana. Sa'adu zai kafa turke da kaka. In bazara ta dawo Attahiru bai ciro shi ba, turke da sarautar ruwa sun koma gidan su Sa'adu, ba kuma sauran zance.

Sarki Mu'azu bai yi musu ba. Da anka watse ya ce, "Attahiru, miƙo hannunka."

Ya miƙa. Tsohon ya laluba damtsen, ya matsa, yatsunsa sunka nutse.

"Wanga hannun mai su na, ko na mai jego?"

Attahiru ya sunkuyar da kai. "Baba, in Allah ya so, baɗi ni ka ciro shi."

"Allah ya so tun tuni. Kai ab ba ka so ba."

Gaskiya tsohon ya faɗa. Da ƙuruciya babu mai nitso kamar Attahiru a duk gulbin nan. Sai ya shiga fataucin bandar kifi, yana saye a Goronyo yana aikawa Sakkwato. Allah ya buɗa mishi, ya je Makka, ya sayi babur. Shekara goma sha biyu yana kan benci a rumfa: da safe shayi mai kauri da madara da burodi, da hantsi masa tana ninƙaya cikin mai, da rana fura an zuba sukari har cokali ya tsaya, lemon kwalba kuwa shi ne ruwan shansa. Ko masallaci da babur yake zuwa. Mutane na cewa, "Alhaji, jiki ya yi kyau," shi kuma yana shafa ciki yana godiya. Ba wanda ya gaya mishi gaskiya, don a wurinmu in mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu.

Washegarin buɗe gurbi, Attahiru ya ɗaura ɗamara, amma ta bayan gida ya ɗaura ta. Ya ce tunda ci ya kawo, rashin ci zai kai. Ya bar tuwo, ya bar nama, ya bar kifi. Koko tsararo da safe, ruwan tsamiya da rana, shi ke nan. Ya kuma sayi wani garin magani wurin mai shela a kasuwa, wanda ya ce yana narkar da teɓa cikin kwana bakwai. Abin da ya narkar hanjinsa ne, don kwana uku ya yi yana zarya bayan gida. Duk ranar kasuwar Wurno sai ya raɓa wurin masu sayen shinkafa ya hau sikelinsu. Ya fara da kilo ɗari da uku. Bayan wata biyu ya ga casa'in da huɗu, ya yi murna, ko da yake in ya miƙe daga sujada sai ya ga gari na juyawa.

Wata ranar Lahadi a bakin ruwa a Goronyo, ya sunkuya zai ɗaga kwandon kifi, kwandon da mace ke ɗauka da goyo a bayanta. Ya ɗaga zuwa gwiwa, ido ya rufe. Da ya farka yana kwance cikin ƙayar kifi, wani na yayyafa mishi ruwa yana dariya ƙasa-ƙasa.

Manu ne, taubashinsa, ɗan goggonsa. Tsohon ɗan kokawa ne, ya ba hamsin baya amma har yanzu bayansa kamar ƙyauren ɗaki. Noman albasa da tafarnuwa yake yi a fadamar Wurno.

"Sannu, Tulu," in ji Manu. "An ce mini kana rage kaya. Ashe hwashewa kaka shirin yi."

"Manu, bar ni da abin da ad damuna."

"Ba ni barin ka. Mi kaka ci?"

Attahiru ya faɗa mishi. Manu ya riƙe baki.

"Kai, wanga mutum! Wa yag gaya maka yunwa kitse taka hwara ci? Nama taka hwara ci. Duba hannunka, ya koma awa na tsohuwa, ga tumbi nan yana nan inda kab bar shi. To, mu ce ka kai ƙasan gurbi. Da mi zaka ciro turken? Da haƙori?"

Attahiru ya dubi hannunsa. Bai taɓa tunanin wannan ba. Duk hankalinsa na kan sauka, ya manta akwai cira.

"Gobe da hwitowar rana in gan ka hwadamata," in ji Manu. "Da ƙahwa. In nij ji ƙarar babur, cikin gulbi nika jehwa shi."

Tafiyar awa guda ce daga Tungar Maje zuwa gonar Manu. Ranar farko Attahiru ya yi ta a awa biyu, ya iso cinyoyinsa sun saluɓe. Manu bai ba shi galma ba. Akushi ya turo mishi: dafaffen wake, gasasshiyar tarwaɗa guda, da kwaɗon zogale.

"Ci."

"Ni da nika son ragewa?"

"Ci, nic ce. Sa'ad da nika kokawa, ubangidana bai taɓa bari na kwan da yunwa ba, bai kuma taɓa bari nis sha zaƙi ba. Jiki awa gina na. Kana son ka rushe wani ɓangare ka tada wani, to sai ka kawo ƙasa. Ga ƙasar nan gabanka."

Ya jera mishi doka. Sukari da lemon kwalba, a yi ban kwana. Masa da duk abin da ya kwanta cikin mai, sai ranar salla. Fura a sha, amma da nono tsagwaronsa. Tuwon dare malmala guda maimakon uku, a cika sauran wurin da kifi da ganye. Wake ko ƙwai ko kifi, kada rana ta faɗi bai ci biyu daga ciki ba. Ya ce, "Kai da kifi ya yi ma yawa har kana aikawa birni, amma kana cika cikinka da burodi. Allah ya shirye ka." Sannan ya miƙo galma.

Haka sunka ci damina. Attahiru ya bar wa abokin cinikinsa rumfa, sai ranar kasuwa yake leƙawa. Ya yi huɗa, ya yi noma, ya yi maimai. Manu ya cika buhu da yashi zuwa rabi ya ce ya rungume shi daga ƙasa ya miƙe, ya aje, ya sake, har cinya ta ɗauki rawa. Duk bayan sati biyu sai ya ƙara kwano guda na yashi, bai taɓa ƙara biyu ba ko da Attahiru ya roƙa. Da gulbi ya kawo, sai ya sa shi tuƙa jirgi da filafili yana haurawa sama, ruwa na turo shi baya. Ranar Juma'a da Litinin kuwa hutu ne dole.

"Ina iya zuwa Littinin," in ji Attahiru wata rana.

"Ba ka zuwa. Nama kwance shika tohowa, ba tsaye ba. Tahi ka yi kwana."

Wahalar gona ba ta kai ta gida ba. Matarsa Sauda ta ga kumatun mijinta na faɗawa, rigunansa na yi mishi yawa, hankalinta ya tashi. Attahiru ya lura miyar dare ta fara wani ƙamshi da santsi. Ya leƙa madafa ya same ta tana kwarara man shanu cikin kwanonsa.

"Sauda, mi an nan?"

Ba ta ɓoye ba. Ta aje ludayi ta ce, "Alhaji, jiya gidan suna mata sunka sa ni tsakiya. Wagga ta ce ciwon sukari na, waccan ta ce karayar arziki ta. Maƙwabciyarmu Habi kuwa cewa tay yi ba ni iya girki ba, na bar miji shina bushewa awa kuɓewa. Kai kana hwadama, ni ka shan bakinsu."

Ya zauna kan turmi.

"Kina wurin ranar su?"

"Ina wurin."

"Kin ji dariyar?"

Ta kau da kai. "Na ji."

"Baba shina zaune bakin ruwa, ba shi gani, amma shina ji. Kakana yar riƙa turken ga, ubana yar riƙa. Ba ni son a ce hannuna yas suɓuce, don masa da lemo. Ki bari su ce abin da sunka ga dama. Zuwa bazara nika roƙon ki."

Sauda ta dubi kwanon, ta ɗauka ta juye wa yara. Ta zuba mishi wata daga tukunya. Ba ta ce ta yarda ba, amma daga ranar ita ke tashi ta jiƙa wake tun kafin ya tambaya.

Kaka ta zo, gulbi ya janye. Sa'adu ya sauka da turke da dutsen bugu. Waɗanda sunka je sun ce sau huɗu ya koma, kuma ana jin bugun daga cikin jirgi. Da anka ce mishi ya yi yawa, cewa ya yi, "Ni dai na kahwa yadda Baba Sarki yak koya mini. Turke ba a kahwa shi don iska." Labarin ya kai kunnen Attahiru a gona. Ya ƙara riƙon galma.

Amma wani abu na cin zuciyarsa. Sikelin masu shinkafa ya sauka zuwa casa'in a tsakiyar damina, daga nan ya kafe. Sati huɗu, casa'in. Sati bakwai, casa'in. A sati na goma ma sai ya ga casa'in da ɗaya. Ya sauko daga kan sikelin jikinsa ya mutu. Mai awon ya ce, "Alhaji, saura kaɗan ka cika buhu guda, ko mu ɗinke?" Bai ko yi murmushi ba.

Ya tarar da Manu yana jan ruwa da inji cikin fangalin tafarnuwa.

"Manu, hanyarka ba ta ɓullewa. Wata biyu da rabi ban rage ko kilo guda ba, yau ma ƙaruwa niy yi. Saura wata huɗu. Yunwa ta hi ka aiki, gare ta nika komawa."

Manu ya kashe injin. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Wandon ga naka, wa yar rage mishi ƙugu?"

"Sauda. Sau biyu."

"Buhun yashi, kwano nawa ka ciki yanzu?"

"Ya cika."

"To amma sikelin shinkahwa ya hi su gaskiya, ko? Tashi mu tahi."

Sunka hau kabu-kabu har Goronyo, Manu ya ari jirgi wurin wani masunci, ya tuƙa su cikin ruwan dam inda sanda ba ta taɓa ƙasa.

"Tuɓe. Shiga. Kwanta bisa ruwa, kak ka motsa ko yatsa."

Attahiru ya kwanta rigingine kamar yadda yakan yi a da, lokacin da ruwa kan riƙe shi kamar katifa. Sai ya ji dugadugansa na sauka. Gwiwoyi sunka bi, ƙugu ya bi. Ya saki iska kaɗan, ruwa ya rufe mishi fuska, hasken rana ya koma kore, ya ci gaba da tafiya ƙasa a hankali ba tare da ya yi komai ba. Ya buga ƙafa ya fito yana tari, ya kama gefen jirgi.

"Manu! Nitsewa nika yi!"

"A'a, tashi sama kaka yi." Manu ya duƙo. "Kai ba ka taɓa leƙa tukunyar matarka ba? In ta jehwa kitse da tsoka, wane ka tasowa, wane ka kwantawa? Kitse ya tahi, nama ya zauna wurinai. Sikeli nauyi yas sani, bai san ko na mi ba. Ko dutse kad ɗora mishi, ko auduga, lamba shika ba ka. Kak ka koma hawanai."

Attahiru ya riƙe gefen jirgin yana haki, yana kallon damtsensa da ruwa ke gangarowa a kai. Ya saki jirgin ya kifa kai. Wannan karon ƙafafunsa sun bi shi.

Daga nan aiki ya ƙaru. Kwana uku gona, kwana biyu ruwa. Numfashin da ya bari shekara goma sha biyu bai dawo da sauƙi ba. Da farko ƙirga ashirin yake yi ƙirji ya ɗauki wuta, Manu na zaune cikin jirgi bai taɓa barinsa ya sauka shi kaɗai ba. Sanyin hunturu ya tsattsaga mishi fata, kunne ya yi ciwo ya warke. A gona Manu ya kafa turmin icce cikin laka ya ce ya cire. Ya kama da hannu yana fizga. Manu ya ce, "Ba da hannu ba, wawa. Hannu riƙo shika yi. Cinya da baya ka cira." Sau ɗaya kwaɗayi ya kayar da shi, a wani ɗaurin aure a Rabah, ya share masa takwas da lemo biyu. Ya zo ya faɗa wa Manu kamar mai neman gafara. Manu ya ce, "Ka ci, ya wuce. Ɗauki buhunka."

Bazara ta kama. Ranar su, jama'ar ta fi ta bara, don labari ya zagaya, wasu ma dariya sunka zo ƙarasawa. Liman ya yi addu'a. Anka zaunar da Sarki Mu'azu kan tabarma a bakin ruwa. Sa'adu ne zai tuƙa jirgi ya kai Attahiru daidai inda ya kafa turken, haka dattawa sunka ce, Manu kuma ya shiga ya zauna a baya.

Attahiru ya tuɓe riga. Bai zama siriri ba, kada in yi ƙarya. Fatar ciki ta ɗan saki, akwai sauran abu a kwiɓi. Amma kafaɗu sun buɗe, ƙirji ya tashi, cinyoyi kamar turame. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, Mu'azu na sa'ad da shina yaro!"

A tsakiyar gurbi Sa'adu ya tsai da jirgi. "Nan na, Yaya."

Attahiru ya yi bisimilla, ya shaƙi iska, ya kifa.

Ruwan sama ɗumi ne, na ƙasa sanyi kamar randa. Gaba biyu, haske ya ƙare. Kunnuwa sunka matse, ya haɗiyi yawu sunka buɗe. Hannunsa ya taɓa laka. Ya shiga lalube cikin duhu, dama, hagu, wani kifi ya goge shi ya wuce. Sai da ƙirji ya fara bugawa sannan yatsansa ya ci karo da icce. Ya shafa. Abin da ya rage a waje bai fi yatsa huɗu ba. Ya taso.

"Ka same shi?" in ji Manu.

"Na same shi." Ya dubi Sa'adu. "Kai, turke kak kahwa ko rijiya kag gina?"

Sa'adu ya kau da ido. Daga baki ana ta kirari da ihu, an ga ya ɓace ƙasa, amma an ga hannunsa wayam.

Nitso na biyu bai ja ba. Ya durƙusa ya shiga tonon lakar da ke kewaye da turken da yatsu. Laka ce mai danƙo, wata biyar tana riƙe da iccen. Farce guda ya ɓalle, bai ji ba sai daga baya. Ya tona har ya samu wurin riƙo na hannu biyu, ya dafa ya girgiza gaba da baya. Turken ya motsa kamar haƙorin da bai yi niyyar fita ba. Iska ta ƙare. Da ya fito sai da Manu ya kama shi ta hammata, jini na bin yatsansa.

Sa'adu ya duƙo, muryarsa ta sauka. "Yaya, don Allah. In ba shi hitowa, ka bari. Ba ni son sarautar da za a ce gawarka tab ba ni."

Attahiru na haki. Ya juya ya hangi bakin ruwa. Ubansa na zaune, ya karkato kunne wajen gurbi, hannunsa biyu a buɗe kan gwiwa.

"Riƙe jirginka, Sa'adu."

Ya huta har numfashi ya daidaita. Manu bai yi ba'a ba, bai kuma ba da shawara ba. Attahiru ya shaƙa, ya saki, ya shaƙa, ya tafi.

Ya sauka kai tsaye kan turken. Ya juya ya kafa ƙafa ɗaya dama, ɗaya hagu, ya tsuguna, ya sarƙe yatsu a wuyan iccen. Ya miƙe da cinya. Ƙafafunsa ne sunka nutse cikin laka har idon sawu, turken bai taso ba. Ya bari sunka nutse har sunka taka ƙasa mai tauri. Ya sake tsugunawa. Ƙirji na wuta, maƙogwaro na fizga yana neman ya buɗe baki, wasu taurari na yawo cikin duhun idonsa. Ya dantse haƙori ya ja da duk abin da ya tara tun daga ranar farko a gonar Manu. Ya ji bayansa na ƙara. Sai laka ta yi wani tsotso, ta saki taƙi guda. Ya ƙara. Ta saki duka.

Saura hawa. Kirya icce ne mai nauyi, ba ya tasowa, jikinsa kuma yanzu ba ya ɗaga shi kyauta. Ya fizge ƙafa daga laka, ya rungume turken da hannu guda, ya shiga bugun ruwa. Baƙi ya koma kore, kore ya koma fari. Bai san sa'ad da ya fasa ruwa ba, ya dai ji iska ta shiga da ƙara, ya ji hannu huɗu sun damƙe shi. Turken na ƙirjinsa, bai saki ba ko da sunka jawo shi cikin jirgi.

Ihun da ya tashi ya kori tsuntsaye daga kan gawo. Guɗar Sauda ta fita daban.

Da sunka kai baki ya taka da ƙyar, jini na ɗiga daga hancinsa, ya durƙusa gaban ubansa ya ɗora mishi turken a hannu. Tsohon ya shafa shi daga kai, ya bi lakar da ta manne yana aunawa da taƙi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Wa yak kahwa wanga?"

"Ni na, Baba," in ji Sa'adu, ya durƙusa shi ma.

"Ka iya kahi. Ni ban taɓa wuce uku ba." Ya juya fuska inda yake jin hakin ɗansa. Ya ɗaga turken sama da hannu biyu, ya ce da ƙarfi, "Ruwa ya buɗe! A shiga da sunan Allah!"

Mutum ɗari biyar sunka afka lokaci guda, homa na sama, goruna na karo, ruwan da ya yi wata biyar shiru ya koma kamar tafasasshiyar tukunya. Attahiru ya zauna cikin taɓo, ana ratsa shi ta ko'ina, wasu na dafa kafaɗarsa suna wucewa. Yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa. Manu ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mishi wanda farcen ya fita.

"To, Tulu, ka gama. Tahi inuwa ka kwanta."

Attahiru ya share hanci da bayan hannu. Ya dubi gurbin, inda wani ya riga ya ɗago tarwaɗa mai tsawon hannu yana ihu.

"Wa kat taɓa gani gidanmu ya ciro turke ya koma tudu? Miƙo mini homa."

Manu ya miƙa mishi. Ya dafa ƙasa ya tashi, ya bi bayan jama'a cikin ruwa.